Keken Doki Mai Lamba Uku

Ranar Alhamis da yamma Malinda ta rufe shagon burodin da take aiki, ta ɗaura kwalbar romon kaza a bayan kekenta, ta hau tsohon layin dogon da aka mayar hanya. Rabi na masu keke, rabi na keken doki. Mil tara ne zuwa gonarsu.

Shekara shida ke nan da ta bar cocin Amish, ɗariƙar Kiristocin nan masu gudun mota da kayan zamani, dattawa suka sa mata takunkumi. Ba a cin abinci da ita a tebur ɗaya, ba a karɓar komai daga hannunta. Ko mahaifiyarta, sai ta ajiye abu sannan tsohuwar ta ɗauka. Duk wannan ta shanye. Abu ɗaya ta roƙi yayarta Saloma: in ciwon Mama ya tsananta, a kira ta. Saloma har da hawaye ta yi alkawari. To ga mako uku shiru, ita kuwa Malinda, sarkin kyautata zato, sai ta ce ai sauƙi ne ya samu.

Masara ta fi ta tsawo dama da hagu. Warin taki, kukan gyare, ƙarar sarƙar keke. Rana ta kusa faɗuwa.

Sai gyare suka yi tsit.

Daga bayanta ta ji kofato. Ƙwas. Ƙwas. A hankali, kamar dawakin ba sa son isa inda za su. Ta ja gefe ta sauke ƙafa.

Baƙaƙen kekunan doki ne a jere, ba fitila ko ɗaya. A jikin kowanne an rubuta lamba da alli. Ranar jana'iza kaɗai ake yin haka, gwargwadon kusancinka da mamaci gwargwadon ƙanƙantar lambarka.

Na ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Ba kowa a ciki.

Na uku ya tsaya daidai ƙafarta.

Dokin ba ya numfashi. Linzami na lilo, ba mai riƙe da shi. Wani ƙamshi ya fito, na sabon katako da ƙasa mai danshi.

"Malinda."

Mahaifiyarta ce zaune, da farar riga da farin mayafin ranar aurenta.

"Mama? Ke da ba ki da lafiya, me ya fito da ke?"

"Me kika kawo mini?"

"Romo ne." Ta kwance kwalbar, ta sunkuya za ta ajiye a kan matakala kamar kullum.

"Miƙo nan."

Ta miƙa. Tsohuwar ta karɓa. Daga hannunta.

Daɗi ya fara kama Malinda, har idonta ya ciko. Sannan hankalinta ya dawo. Mama mai rai ba za ta taɓa karya dokar coci ba.

Yatsu suka damƙe wuyan hannunta. Sanyi ya ratsa har ƙashi.

"Kwana uku ina kiran sunanki," tsohuwar ta raɗa. "Saloma ta ce ta aika, kin ce ba ki da uwa."

"Ba a gaya mini ba!"

"Hau. Wurinki ne wannan."

Dokin ya ɗaga ƙafa. Keken Malinda ya faɗi. Takalminta na jan ƙasa.

"Mama, ki saurare ni! Ba wanda ya kira ni. Yaya ta yi mini alkawari, ba ta kira ba!"

Jan ya tsaya.

Tsohuwar ta dube ta, ta daɗe. Sannan ta juya kai a hankali, wajen gona.

Yatsun suka saki.

Malinda ba ta san yadda ta hau keke ba. Ta dai ga kanta a ƙofar gida, ana loda bencinan zaman makoki a mota mai doki. Saloma na tsaye cikin baƙaƙen kaya, tana ganinta ta daskare.

"Yau da safe muka binne ta," in ji Saloma. "Ki fahimce ni. Da kin zo, sai an kafa miki tebur daban a gaban mutum ɗari uku. Ni ba zan iya wannan kunyar ba."

"Kunya? Shi ne kika ce mata na ce ba ni da uwa?"

Fuskar Saloma ta yi fari. "Mu biyu ne kaɗai a ɗakin. Wa ya gaya miki?"

Malinda ta waiga wajen hanya. Can bakin masara, kofato ya soma tahowa.

Ba ta ƙara bin wannan hanya ba. Maƙwabta sun ce kullum da faɗuwar rana karnukan gidan Saloma sukan shige ƙarƙashin rumbu, ita kuma ta rame, ta daina fita tsakar gida. Wasiƙa huɗu ta rubuto wa ƙanwarta, kowacce roƙo ɗaya: ki zo ki ce wa Mama kin yafe mini.

Malinda ta karanta su duka. Har yau ba ta sayi kan sarkin aika amsa ba.