Tsohuwar da Ba a Lulluɓe Ba

Dab da magariba yayana Davron ya aike ni gona.

"Mohira, hau ki ɗauko mini almakashina. Na manta shi a gindin Tsohuwa."

Tsohuwa ita ce kurangar inabi ta farko da kakanmu Ergash ya dasa a tudun Parkent. Daga jikinta aka yanko sauran, da su muke matse giyar da ta riƙe gidanmu. Duk shekara kafin ƙanƙara ta sauka muna kwantar da kurangun mu rufe su da ƙasa, kada sanyi ya kashe su. Amma Tsohuwa sai jinin gidan ke rufe ta, da hannu. Kakanmu ya ce akwai aljana mai wurin a cikinta. In aka bar ta a buɗe, wanda ya fara zuwa daga zuriyarsa za ta ja ta ji ɗuminsa.

"Aka, ka dai rufe ta ko?" na tambaye shi. Aka shi ne Yaya a harshenmu.

"Tun jiya. Ke wai 'yar sanda ce?"

Na yarda. Wa ke zargin wanda suka sha nono ɗaya?

Tudun ya yi tsit, ko haushin kare babu. Warin ruɓaɓɓen inabi, sai wani warin man inji da ban saba ji a nan ba.

Babu almakashi. Babu Tsohuwa.

Kututture ne kawai, sabon yanka, yana tsiyayar ruwa. A gefensa turakun masu awon fili. Nan na gane Davron ya sayar da gonar, kuma babu abin da ya manta.

Sai na ji numfashi a ƙarƙashina.

"Sanyi..."

Muryar tsohuwa ce, can cikin ƙasa.

"Ya ce ke zai turo mini."

Ƙasa ta cafke idon sawuna. Ta hau gwiwa.

Na tuɓe rigar sanyin kakanmu da ke jikina, na lulluɓa wa kututturen. Na dinga yaɓa ƙasa da hannu har farata suka fashe.

"Jikar Ergash ce," na raɗa. "Ga shi na rufe ki."

Numfashin ya lafa. Aka sake ni. Takalmina ɗaya yana can har yau.

A bakin ƙofa na tarar da Davron. Da ya gan ni, kofin shayi ya suɓuce masa. Bai ko tambayi almakashin ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Da sanyi ya wuce kututturen ya toho. Masu saye suka fasa, ba su faɗi dalili ba. Davron kuwa bai sake jin ɗumi ba. Ko a tsakiyar zafi karkarwa yake, kullum da safe matarsa na kakkaɓe ƙasa daga shimfiɗarsa.

Jiya ya kamo hannuna, haƙoransa na haɗuwa.

"Mohira, lulluɓe ni."

Na dubi bargon da ke gefen ƙafarsa, na zare hannuna.

"Bari in ɗauko maka almakashinka tukuna, Aka."