Ranar da Tulun Saratu ya Fashe

"Maimaita! Na ce ka maimaita min abin da ka faɗa gaban mutane, Ishiyaku!"

Rifkatu ce ta tare shi a tsakiyar doguwar matakalar nan ta unguwar Highbridge a New York mai sa tsofaffi haki. Ko farar rigarta ta nas ba ta cire ba, daga asibiti ta taho idanu jawur.

"Rifi, masoyiya, yi a hankali, mutane na kallo…"

"Yau ka san kunyar mutane? Jiya da ka ɗora uwata a faifai, ashe duwatsu ne a zauren?"

To bari ku ji mafarin abin. Su biyun daga ƙauye ɗaya suke, can bayan Zariya, kuma har fasto ya fara shelar aurensu a ɗan ɗakin ƙasa da Kiristocin Arewa ke haya don sujada. Ishiyaku ɗan mai bishara ne. Karatu ya kawo shi New York a shekarun Gowon, ya sha littattafai har suka fito masa ta haɓa, ya tara gemu, ya wayi gari yana cewa babu Allah. Rifkatu ta sani sarai. Ta ce a ranta ai gemu ne, aure zai aske shi.

Duk Asabar ɗalibai kan taru a wani zaure a Harlem su yi ta muhawara. Nan gogan naku ya karɓi makirfo yana sukar addini, da daɗin baki ya ɗebe shi sai ya kawo labarin wata mata Saratu. Wai haihuwa ta zo mata da gardama, matan zumuntar coci suka kewaye ta suna buga tulu suna waƙa har ta cika. "Jama'a, tulu yana tsayar da jini?" Aka tuntsire da dariya.

Saratu kuwa uwar Rifkatu ce.

"Ka gaya musu damina ce?" Rifkatu ta matso shi. "Ka gaya musu kogi ya cika ya cinye gada, babu motar da za ta haye? Ka gaya musu matan nan sai da suka ɗauke ta a kan ƙyaure har bakin ruwa suka dawo?"

"Misali ne kawai na bayar, Rifi. Gaskiya ba ta…"

"Kai kaɗai na taɓa gaya wa! Kai kaɗai!"

Ya miƙo hannu, ta kauce. Ta haye sauran matakalar ba ta waiwaya ba, zuciyarta na tafasa kamar tukunyar ɗanwake.

A ɗakinta, kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, tulun yana zaune a kan gammo. Shi ne gadonta kaf. Da shi Saratu ta yi wa zumunta kiɗa tun tana amarya, kuma a cinya Rifkatu ta riƙo shi cikin jirgin sama, ta ƙi yarda a sa shi cikin kaya. Ta zuba masa ido, sai wani abu ya faɗo mata a rai.

Ai shi ma ya taɓa ba ta ajiya. Wata rana a jirgin ruwan Staten Island ya kifa kai a kafaɗarta ya ba ta labarin Turai, ƙanwarsa da yake goyo, wadda ƙyanda ta ɗauke. Ya ce akwai waƙar da matan zumunta suka yi a bakin kabarinta, tun ranar bai ƙara addu'a ba, kuma ko daga nesa ya ji waƙar nan ba ya iya riƙe kuka.

Rifkatu ta share hawaye. Ta yi wani murmushi wanda ba na alheri ba.

Washegari sai gidan Gwaggo Laraba, ƙanwar babanta kuma shugabar zumunta, mace mai murya kamar kakaki. Labari ya riga ya iske ta.

"Ɗan mai bishara guda! Da shinkafar coci aka yi ƙashin bayansa! Ki bar ni da shi, 'yata."

"A'a Gwaggo, ku dai ku ɗaura ankonku ranar Asabar ku biyo ni. Ni zan buga tulu." Ta faɗa mata waƙar da za a yi.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ke! Wannan ai ta jana'iza ce. Wa ya mutu?"

"Za a samu gawa, Gwaggo."

Ranar Asabar kuwa ga mata nan reras cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, nas-nas da matan ma'aikatan ofishin jakadanci, kowace da zanen zumunta a ƙarƙashin kwat, Turawa na ta satar kallon abin da Rifkatu ta rungume cikin mayafi kamar jariri. Suka shiga zauren suka zauna a baya, shiru kamar mutanen kirki.

Ishiyaku ya hau dandamali, ya gyara tabarau, ya fara. Yana cikin cewa addini bargo ne da talaka ke rufa don kada ya ga wanda ya sace masa riga, sai aka ji:

Gum… gum… gum…

Matan suka miƙe, suka zubar da kwat. Gwaggo ta ɗaga murya, sauran suka amsa. Rifkatu na zaune, tulu tsakanin gwiwoyi, tana dukan bakinsa, idonta cikin nasa ko ƙiftawa babu.

Ya gane waƙar tun daga baitin farko. Jawabin ya tsaya cak. Ya nemi ya yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa. Ya dafa tebur, tabarau ya zame, sai ga ƙaton mai gemu ya durƙushe gaban abokansa yana kuka wiwi kamar yaron da aka yaye.

Daɗi ya ratsa Rifkatu har yatsun ƙafa. Ta ƙara ƙarfin duka. Sha, Ishiyaku! Sha abin da ka dama!

"Ya tuba! Halleluya, ya tuba!" Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Abokansa kuma suka hau ihu wai a fitar da matan, an zo an ci musu zarafi, wani har yana buga kujera.

Ishiyaku ya ɗago, ya jawo makirfon.

"Ban tuba ba, Gwaggo. Ƙanwata nake yi wa kuka. Da wannan waƙar aka binne ta."

Waƙar ta mutu a bakin matan. Gwaggo ta juyo a hankali ta dubi 'yar wanta.

"Rifkatu… kin sani?"

Hannun Rifkatu kuwa ya ƙi tsayawa. Ita kaɗai take ta duka a zauren da ya yi tsit. Tulun da zafin ɗaki ya daɗe yana busarwa ya ce ƙwas! Ya rabe a cinyarta, gutsattsarin suka watse a ƙasa.

"Wayyo Mama!" Ta ƙwalla ƙara. "Wayyo Mamana!"

Babu wanda ya motsa sai shi. Ya sauko, ya durƙusa gabanta yana tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a mayafinta.

"Ke kaɗai na gaya wa, Rifi."

"Ni ma kai kaɗai na gaya wa."

Ya miƙe ya fuskanci jama'a. "Ranar nan na ɓoye muku wani abu don ku yi dariya. Kogi ne ya cinye gada. Matan nan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, waƙar ce kawai ta rage musu."

Ya dawo gare ta. "Ki yafe min, abar ƙaunata."

"Za ka zo sujada gobe?" Ta tambaya cikin shessheka. "Ko a bakin ƙofa ne… ko don ni?"

Ya girgiza kai. "In na zo, ƙarya zan yi miki. Na riga na yi miki babban laifi, ba zan ƙara da wannan ba."

"Ni kuma duk ranar da na kalle ka, ƙanwarka zan gani da abin da na yi mata."

Ta zare zoben alkawari, ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe masa yatsu a kai. Ta ƙulle mayafinta ta fita, Gwaggo na biye da ita ba guɗa ba waƙa.

Fasto bai ƙara shelar ba. Rifkatu ta zauna ta jera gutsattsarin nan da gam, kwana da kwanaki, har tulu ya tashi, sai wani ɗan gurbi a wuyansa da aka nema aka rasa. Ba ya ƙara yin kiɗa, iska ke fita ta wurin.

Masu shiga ɗakin Ishiyaku kuwa, kun san ba a rasa su, sun ce a kan tarin littattafan nan nasa akwai wani ɗan gutsuren tulu ja da ba ya bari kowa ya taɓa. Da aka kai wa Rifkatu gulmar, sai ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan farar rigarta.

"Ku bar masa," ta ce. "Ni ma ina riƙe da nasa, Turai ba ta bar raina ba."