Aku da Yaron Bakin Taga

Ku gyara zama, jikokina. Wannan labarin wata yarinya ce mai baki. Ba muguwa ba ce, amma bakinta ya fi hankalinta sauri.

A makaranta ana kiranta Aku. Duk wanda ya yi magana, sai ta ɗauke muryarsa tsaf. Tana kwaikwayon tarin mai gadi. Tana kwaikwayon tafiyar hedimasta. Yara su yi ta dariya, kanta kuma ya yi ta kumbura.

Malamar ajinsu tana da wani tsari. Kowace safiya, kafin a buɗe littafi, yaro ɗaya zai tsaya a bakin taga. Zai dubi sama, ya faɗa wa aji abin da ya gani.

Yawancinsu cewa suke, "Akwai rana." Ko su ce, "Akwai gajimare." Shi ke nan, su koma su zauna.

Amma akwai wani siririn yaro da bencinsa ke jikin tagar. Yana da in'ina. Kalma takan maƙale masa a baki, ya yi ta fama kafin ta fito. In ta fito kuwa, ba a yin da-na-sanin jira.

"Na ga ra-raƙumi," in ji shi wata safiya. "Ya ɗauko auduga. Iska tana sa-sace masa kaɗan-kaɗan."

Kowa ya leƙa ta taga. Ga raƙumin kuwa, fari fat, yana tafiya a hankali a saman bishiyoyi. Aku ma ta duba. Tana son ranar tsayuwar yaron nan a taga fiye da ta kowa, sai dai ba ta taɓa faɗa ba.

Wata rana Malama ta fita ɗauko alli. Aji ya yi shiru, Aku kuwa ba ta iya zama da shiru. Ta tashi ta tsaya a bakin taga. Ta ƙanƙance kafaɗa, ta rinƙa ƙifta ido kamar yadda yaron yake yi.

"Na ga ra-ra-ra-ra-ra..."

Ba ta tsaya ba sai da yara suka riƙe ciki. Yaron bai ɗago ba. Yana feƙe fensir a lokacin. Ya ci gaba da feƙewa har fensirin ya zama ɗan guntu.

Aku ta ɗauka wasa ya ƙare a nan. Bai ƙare ba. Wasan ya fita daga aji, ya shiga bakin manyan yara. Suka fara tare yaron a bakin ƙofar makaranta. Su ja masa jaka, su ce ba zai wuce ba sai ya ce "raƙumi".

Da ranarsa ta sake zagayowa, ya tsaya a taga bai ɗaga kai ba.

"Me ka gani, ɗana?" in ji Malama.

Ya girgiza kai.

"Duba dai da kyau."

Ya sake girgiza kai, ya koma ya zauna. Bayan haka bencinsa ya zama wayam. Malama ta tambayi dalili, kowa ya sunkuyar da kai.

Aku takan dubi sama ita kaɗai. Ta zura ido har ya yi ruwa. Ba raƙumi, ba jirgin ruwa, ba komai. Fari ne kawai a kan shuɗi.

Mahaifiyar Aku tela ce. Wata yamma tana kan keken ɗinki, Aku tana tsince mata zare a ƙasa. Sai wani mutum ya yi sallama. Mai gyaran keke ne na bakin titi, hannunsa duk baƙin mai. Ya miƙo rigar makaranta a ninke.

"Ki cire min bajon makarantar nan," in ji shi. "Yarona zai riƙa sa ta a shago. Ya ce ba zai koma makaranta ba. Na yi lallashi har na gaji."

"Me ya yi zafi haka?" in ji Inna.

"Harshensa suka sa a gaba. Wai wata yarinya ce ta fara. Aku suke ce mata."

Ƙafar Inna ta tsaya a kan keken. Ta karɓi rigar, ta ce ya bari za a kawo masa. Da ya tafi, ta juyo.

"Zo nan, sarauniyar kwaikwayo. Yi min yadda kika yi masa."

"Inna, wasa ne fa."

"Ai ni ma ina son wasa. Yi in gani."

Aku ta ƙanƙance kafaɗa. "Na ga ra-ra..." Muryarta ta fito ita kaɗai a ɗakin. Ba wanda ya yi dariya. Sai agogon bango yake ta tafiyarsa.

"Ci gaba," in ji Inna.

"Ba zan iya ba."

"Me ya sa? Ai kin iya a gaban jama'a."

Hawaye ya zubo wa Aku. "Ba daɗin ji," in ji ta.

"Ke da kika yi ke nan. To, shi da yake ji kullum fa?" Inna ta ajiye almakashi. "Ni ba zan cire bajon nan ba tukuna. Ɗauki rigar ki kai masa. In ya ce a cire, ki dawo da ita ki cire da hannunki."

Aku ta tafi rungume da rigar. A shagon ta tarar da tayoyi rataye a ƙusa. Wani keke yana kife, ƙafarsa ɗaya tana juyawa a hankali. Yaron yana tsugune gaban baho. A cikin ruwan bahon ake nutsa robar cikin taya don a ga inda iska ke fita. Amma shi ba roba yake kallo ba. Sama ce ta sauko ta kwanta a cikin bahon, da gajimarenta duka.

Aku ta tsuguna a gefe.

"Ka yi haƙuri," in ji ta. "Ni na jawo maka. Abin da na yi ba kyau."

Ya ci gaba da kallon ruwan.

"Tun da ka tafi, ba na ganin komai a sama. Me ke cikin ruwan nan?"

Bakinsa ya fara motsi. Kalmar ta maƙale. Harshen Aku ya yi ƙaiƙayi, tana so ta ƙarasa masa. Ta cije leɓe, ta jira. Bari in gaya muku, jira ya fi kwaikwayo wuya.

"Ki-kifi," in ji shi a ƙarshe. "Ya haɗiye wata."

Ta duba. Ga shi nan kuwa, babban kifi mai farin ciki, yana iyo a ƙasan bahon.

Ta miƙa masa rigar. "In cire bajon?"

Ya daɗe yana shafa shi da yatsa. "Ma-manyan yaran fa?"

"Gobe zan faɗa wa Malama komai. Da sunana zan fara."

Washegari ta yi abin da ta ce. Ta miƙe a gaban aji. Ta faɗi laifinta, ta faɗi abin da ake yi a bakin ƙofa.

Malama ta dubi ajin duka. "Ita ta yi kwaikwayo, ku kuka yi dariya. Da na tambaya, kuka yi shiru. Duk kuna ciki. Daga yau, in kun ga ana cin zalin wani, ku zo ku faɗa. Wannan ba tsegumi ba ne, taimako ne."

Hedimasta ya kira manyan yaran da iyayensu. An sa malami ya riƙa tsayuwa a bakin ƙofa lokacin tashi.

Da gari ya sake wayewa, yaron ya shigo da rigarsa a goge. Yaran suka matsa masa wuri, wasu suna jin kunya. Ya tsaya a taga. Hadari ya haɗo, iska mai sanyi tana kaɗa labule.

"Sha-sha..." Ya tsaya. Ba wanda ya motsa. "Shanu ne baƙaƙe. Sun zo a ta-tatse su."

Bai rufe baki ba, ruwa ya fara sauka a kan rufi. Ajin ya fashe da dariya, shi ma yana yi, har haƙoransa suka fito.

To, jikokina, dariya iri biyu ce. Akwai wadda ake yi tare da mutum, akwai wadda ake yi a kansa. Kada ku yi wa kowa ba'a da halittarsa. In kun ga ana yi, ku faɗa wa babba. In kuma ku ne kuka yi, ku je da ƙafarku ku ba da haƙuri.