Ba Jaki Ke Neman Aure Ba

A duwatsun bayan Badaguishiri Hayatu ya fara ganinta, wata Lahadi a tsakiyar ɗari, ya fito hawan dutse da abokansa malaman lakwal, wato makarantar boko. Ita ce ta ƙarshe cikin ƙawayenta, tana dogara sanda, tana jan ƙafar hagu da ta shanye tun tana ƙarama.

Ya miƙa mata hannu. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, maida hannunka aljihu ya sha ɗumi. Ni da sandata mun saba."

Sunanta Nasiba. Kafin a sauko, bawan Allah ya riga ya kamu.

Sai dai ƙauyen su Hayatu a can saman dutse yake, inda ko babur ba ya kaiwa. Da ya kai maganar aurenta gida, mahaifiyarsa, Inna Kande, ta ce atafau.

"Wadda ba ta iya hawowa ta gaishe ni za ka kawo mani? Ga Gimbiya ɗiyar ƙanena, ƙahwahunta biyu lahiya lau!"

Kwana uku kunya ta hana shi kiran Nasiba. Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa:

"In ka hwasa ka hwaɗi. Ban son tausai."

"Sanyin idona, ban hwasa ba. Inna ta ce ba ki iya hawa garinmu. Bari in samo jaki in kai ki."

"Ba jaki ke neman aure ba. Lahadi da sahe, ka taho da abokanka su shaida."

A ranar, sanyi har cikin ƙashi. Sau biyu tana faɗuwa, tsakuwa ta yanke mata gwiwa. Hayatu ya zaburo, ta daka masa harara, ya koma baya idonsa fal hawaye. Sai da hantsi ya dubi ludayi suka kai.

Inna Kande na jin ɗumi a bakin murhu. Nasiba ta ajiye sanda, ta durƙusa a kan gwiwar nan mai jini.

"Inna, ina kwana? An ce ban iya zowa."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon jinin da ya ɓata zanen. Kunya ta kama ta. Ta sauke ruwan zafi, ta wanke ciwon da hannunta.

"Matso kusa ga wuta, ɗiyata."

Bayan an cire albasa a gonaki aka ɗaura aure. Inna Kande ta aiko da jaki a ɗauko amarya. Nasiba ta ɗora masa kayan ɗaki, ta hau dutsen da ƙafarta. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.