Ƙoƙon Ya Kaka

A shekarun da Nasara ya kafa bariki a Potiskum, da kaka, gero na tsaye a gona, wani hakimi ya aiko Garin Auta a ba shi maza su tafi aikin hanya. Bulama Babaji, mai garin, ya ce a yi musu haƙuri su gama girbi. Abin da ya faɗa ke nan fa! Aka tuɓe masa rawani, aka yi masa bulala a tsakiyar kasuwa. Bai ga watan gaba ba, baƙin ciki ya kashe shi.

Hakimi ya naɗa baransa Ɗantala, wanda ya riƙe bulalar da hannunsa.

To, a al'adar garin, mutum ba ya zama bulama sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru ta shayar da shi ruwan rijiyar kakanni a gaban jama'a. Tsohuwar kuwa ita ce Ya Kaka, yayar marigayin. Ta ɗebo a ƙoƙonta, ta durƙusa a gaban Ɗantala.

"Ranka ya daɗe, ga ruwan gari."

Ɗantala ya shure ƙoƙon. "Hakimi ne ya naɗa ni, ba ruwan tsohuwa ba."

Ta ɗauki ƙoƙonta, ta dubi maza. "Kun gani da idonku. Bai sha ba, ba namu ba ne."

Ba wanda ya zare takobi. Suka yi girbi, suka sussuke, ana ta "ranka ya daɗe". Ranar da Ɗantala ya tafi Potiskum gaisuwa, suka kwashe jinka da awaki, suka cike rijiyar da ƙasa, suka ƙaura ƙasar wani hakimin.

Da Baturen mulki ya zo rangadi, kufai ya tarar, da bulama ɗaya a gindin tsamiya. Nan take hakimi ya warware wa Ɗantala rawanin, don ya wanke kansa.

An ce Ɗantala ya bi sawunsu a ƙafa, rana tsaka, ya isa sabon garin leɓe a bushe.

"Ya Kaka, don Allah ruwa."

Ta shiga ɗaki, ta fito da ƙoƙon nan, tsagar shurin na jikinsa, ta ajiye masa babu ko ɗigo.

"Ruwanka yana inda ka zubar da shi."

Ni dai ban ji tausayinsa ba. Hakimi na iya ba ka rawani, amma jama'a ba a aljihunsa suke ba.