Shinkafar Sman

"Haɗa kayanki, Husaina! Jirgin Yamai ba zai jira ki ba."

Yaya Habu ke nan a ƙofar ɗakinmu na unguwar Faisal. Baba ne ya turo shi daga Maraɗi, wai ya isa haka, in daina zaman aure da bango. Ban musa ba. Ni kaina na daina jin komai, ko wuƙa ta yanke ni sai na ga jini nake sani.

Mijina Sman ɗan Kambodiya ne, karatun addini ya kawo shi unguwar Darrasa, a nan ƙasar Larabawa, lokacin Baba na sayar da turare a can. Da, bakinsa ba ya hutawa. Sai ya zo zance ya ɓuge da tarihin daular Khmer, ni kuwa sakarya in saki baki. Ya ce da ruwa sarakunan Angkor suka yi mulki. Suka haƙa tafkuna, suka ja magudanai, shinkafa ta ƙi ƙarewa, har suka gina birnin dutse. Daga baya laka ta toshe hanyoyin ruwan, fari da yaƙi suka biyo baya, jama'a suka watse, daji ya haɗiye birnin.

Har shinkafa ya shuka mini a baho a saman bene, wai in ga launin garinsu.

A shekarar saba'in da tara labarin kashe-kashen ƙasarsu ya iso mana. Mahaifiyarsa, ƙannensa, ba wanda ya tsira. Bai yi kuka ba. Shiru kawai ya yi, shekara ta zagayo yana shiru. Bahon ya bushe.

Na hau bene in yi masa sallama. Yana zaune gaban bahon.

"Yaya ya zo ɗaukata."

"Ma'alish, ba komai... Ki tafi, hasken idona. Ba abin da ya rage a nan."

"Tambaya ɗaya. Tafkunan nan naku, ruwan ne ya ƙare?"

Ya daɗe yana kallon lakar.

"A'a... Masu yasar ne suka gaji."

Daga ƙasa Yaya ya ƙwala kira, "Yalla, Husaina, mu tafi!"

Na gaji, Allah shi ne shaida, kuma ban ji wata soyayya ta motsa a ƙirjina ba. Amma na ɗauki bokiti, na tara a famfo, na juye a busasshiyar lakar. Ta shanye tas. Na sake cikowa, ta sake shanyewa.

Ina sunkuyawa in ɗauko wani, sai na ji hannunsa a kan mariƙin bokitin.