Hannun Daman Samba

Ranar da Sa'adiya ta kai wa mahaifinta abinci shagon ɗinkinsa da ke unguwar Doka, ta tarar da wani dogon baƙo yana yanka yadin kwat ko awo bai yi ba. Samba ke nan, telan da mahaifin nata, Malam Datti, ya ɗauko daga Dakar. Ya ɗago, ta sunkuyar da kai, miya ta zube mata a zane.

Kafin wata uku akawunan gwamnati sun yi wa shagon caa, sauran telolin layin kuwa sai korar ƙuda. Samba ya riƙa saka mata ƙyalle cikin kwano, da rubutun ajami da gurguwar Hausarsa: "Sadiyata, ni gani ke, almakashi manta hanya."

Ta yi dariya har da hawaye, ta aika masa: "Dogona, gyara Hausarka ka zo gun Baba."

Ya je. Datti ya ce, "Baƙo raɓa ne. Aiki na ɗauke ka, ba surukuta ba."

Sanda, tela ne da ya rasa ciniki, ya kuma rasa Sa'adiya da ya daɗe yana nema. Wata Talata da hantsi ya faɗo shagon da ƙarti biyu. Suka kifar da keken ɗinki, suka yayyaga kwat-kwat, maƙwabta sun yi cirko-cirko suna kallo.

"Kai ka kawo mana annoba!" in ji Sanda, ya wawuri dutsen guga cike da garwashi ya nufi kan Datti.

Samba ya tare da hannun dama. Ƙashi ya ce ƙas, fata ta yi ƙauri. Sa'adiya, da shigowarta ke nan, ta rafka wa Sanda kwanon tuwo a fuska, jini ya ɓalle masa ta hanci. 'Yan doka suka tafi da shi.

Yatsun Samba uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Samba ya ce, "Sadiyata, ni ba tela kuma. Ki bar ni."

"Da ma hannun na ce ina so?" Ta faɗa tana kuka.

Datti da kansa ya sa rana, kunya ta ishe shi. Samba kuwa ya zauna bakin shago yana koya wa telolin layin yanka da baki, har ciniki ya dawo musu.

Ranar ɗaurin aure liman ya tambaya, "Ina waliyyin ango?"

Samba ya sunkuyar da kai. Sai tsoho Garba, shugaban telolin, ya miƙe, sauran suka bi shi.

"Mu ne danginsa, Malam. Ranar nan mun tsaya kallo, yau ba za mu tsaya ba."

Aka shafa fatiha. Allah Ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.